Ciwon gaɓoɓi ga mai shan maganin sida: yadda za ka gane irinsa da inda za ka kai shi

Mai ɗauke da ƙwayar cutar sida a garin nan na Damagaram yakan raba jikinsa gida biyu. Jininsa ya kai wa asibiti, ya zo ranar da aka sa masa, ya karɓi kwalbarsa ya cusa a aljihu. Gwiwa da ƙugu da baya kuwa sai ya kai wa mai tallar magani a bakin Kasuwar Dole, ko wanzami, ko wata farmasi da ba a san fuskarsa ba, kuma duk cikinsu ba wanda yake gaya wa abin da yake haɗiya kowane dare. Ni ma'aikaciyar jinya ce a Damagaram, na daɗe a ɗakin da ake ba da wannan magani, kuma yawancin gaɓoɓin da na ga sun lalace wannan rabon ne ya lalata su.

Ciwon gaɓa ya fi samun masu wannan cuta fiye da sauran jama'a, kuma ba ta ƙofa ɗaya yake shigowa ba. Ƙwayar cutar da kanta tana taɓa gaɓoɓi, musamman ga wanda bai fara magani ba ko yake sha yana tsallakewa: gwiwa ko idon sawu su kumbura, su yi ƴan makonni, su sace. Akwai wani mai tsanani da yake kama mutum farat ɗaya ya hana shi ko juyawa a kan tabarma, ba kumburi ba komai, kafin kwana ɗaya ya cika ya sake shi. Wani kuma wata cuta ce daban ta ga garkuwar jiki ta yi ƙasa ta shige gaɓa ko ƙashi. Wani daga magani ne, namu na asibiti ko na kan tire. Wani ba ruwansa da sida sam: shekaru ne, ko dako, ko turin kurar ruwa daga Garin Malam zuwa Birni, ko sikila. A gida duk "sanyi" ake kiransu, a jiƙa maka sassaƙe ɗaya. Ga shi kuwa abin da yake warkar da wani shi yake ƙara wa wani.

Saboda haka kafin ka sayi ko ƙwaya ɗaya, ka lura da ciwon na kwana biyu ko uku, in dai ba irin na gaggawa ba ne da zan faɗa a ƙasa. Da asuba in ka tashi alwala, gaɓar a sandare take? In sandarewar ta wuce rabin awa, sai ka motsa ka yi tafiya sannan ta saki, to akwai kumburi a cikin gaɓar, kuma wannan aikin likita ne. In kuwa da safe lafiya lau kake, sai yamma bayan aiki ciwon yake taso maka, ka huta ya lafa, ya fi kama da gaɓar da ta gaji ko ta cinye. Ka ɗora bayan hannunka a kan gwiwa mai ciwo, ka ɗora a kan mai lafiya, ka ji ko ɗaya ta fi zafi. Ka tuna abin da ya faru a watan da ya wuce: zawo, zafin fitsari, tari, sabon magani. Waɗannan su za mu tambaye ka, kuma wanda ya zo da amsarsu ya rage mana rabin aiki.

Wanda ba ya jiran gari ya waye

Gaɓa guda ɗaya ta kumbura cikin kwana ɗaya ko biyu, ta yi zafi, fatar tana sheƙi, ga zazzaɓi, ba ka iya taka ƙafar ko lanƙwasa ta: a ranar za ka tafi Babban Asibitin Damagaram, ko asibitin da ya fi kusa in kana Mirya ko Magarya ko Matamaye. Yana iya zama mugunya ce ta taru a cikin gaɓar, kuma tana cinye guringuntsi cikin ƴan kwanaki, ba ya kuma dawowa. Likita zai sa allura ya zuƙo ruwan a auna. Mutanenmu suna tsoron wannan ƙwarai, wai in an zuƙe ruwan gwiwa mutum ya gurgunce. Abin da yake gurguntarwa shi ne barin mugunyar a ciki. Kada a yi sakiya, kada a kafa ƙaho a wurin, kada a daddanna. Haka nan in cinya ko ɗuwawu ya kumbura daga can ciki, ya yi tauri kamar icce, ga zazzaɓi: ƙurji ne a cikin tsoka, sai an ba da maganin ƙwayoyin cuta, sau da yawa kuma sai an tsaga a asibiti.

Sai ciwon baya da ya yi makonni yana ƙaruwa, yana hana barci, ga zufar dare, ga rama. Tarin fuka ba a huhu kaɗai yake zama ba, yana cin ƙashin baya da ƙugu da gwiwa, kuma mutum yana iya samunsa ko tari ba ya yi. In ƙashin baya ya fara turowa yana yin doro, ko ƙafafu sun yi nauyi, ko fitsari ya fara kufcewa ko ya ƙi fita, an kai wurin da kowace rana take da daraja. Maganinsa ya fi na tarin huhu tsawo, yakan ɗauki wata 9 zuwa 12, amma wanda aka kama da wuri yana tashi da ƙafafunsa.

Ƙugu da ƴan fararen ƙwayoyi

Wani ɗan kabu-kabu, mai shekara arba'in da wani abu, ya zo karɓar magani yana ɗingishi. Ya ce, "Hajiya, gwiwar nan ce ta dame ni." Na taɓa gwiwar, ba zafi ba kumburi. Na ce, "Malam, zauna a ƙasa ka harɗe ƙafa." Ya gwada, ya kasa, ya dafe matsematsinsa yana cije leɓe. Na tambaye shi abin da yake sha in ciwon ya taso. Ya kwance wata ƴar leda daga aljihun riga, ƴan ƙananan fararen ƙwayoyi ne ba kwali ba suna. Ya ce, "In na sha biyu, har isha'i ina kan babur." Na dubi fuskarsa ta cika ta yi zagaye, ƙafafunsa kuwa sirara. Deksametazon ne, wanda ake ce wa deksa.

Ciwonsa a ƙugu yake, gwiwa saƙo kawai take karɓa. Jini ne yake daina kaiwa kan ƙashin cinya, ƙashin ya mutu a hankali, ya lotsa. Wannan ya fi yawa ga masu sida ko da ba su sha komai ba, deksa da giya suna ƙara shi, sikila ma tana kawo shi, kuma yakan kama ɓangare biyu. Alamarsa ciwo a matsematsi ko ɗuwawu in an taka, wahalar hawa babur, wahalar tsugunno. Hoton ƙashi na farko yana iya fitowa lafiya alhali ciwon ya fara, don haka in an ce ba a ga komai ba kuma ɗingishin bai bari ba, ka koma a sake. Kafin nan ka riƙe sanda a hannun da yake ɗaya ɓangaren, ka bar ɗaukar kaya masu nauyi.

Mata ma suna shan deksa, amma dalilinsu daban. Mace ta rame kafin a gano cutar, kishiya da maƙwabta sun sa mata ido, tana son ta yi ƙiba kafin biki ya zo. Na fahimci wannan, ban kuma ga laifinta ba, bakin mutane ba daɗi. Sai dai ƙibar deksa kumburi ce a fuska da ciki, tana zuwa da hawan jini da ciwon suga, tana rage ƙarfin ƙashi, tana kuma danne garkuwar da muke ta fama mu ɗaga. Ƴar'uwa, maganin da kike karɓa a wurinmu da kansa yana mai da jiki, ki ba shi watanni. Wanda kuma ya riga ya yi makonni yana shan deksa kada ya yanke rana ɗaya, jiki yana iya faɗuwa. Ya kawo ledar, likita ya rage masa kaɗan-kaɗan.

Ƙoda, zafin gari da diklofenak

Yawancin manya yanzu ƙwaya ɗaya suke sha a rana, wadda aka rubuta TLD a jikin kwalbarta. Magani uku ne a ciki: tenofobir, lamibudin da dolutegrabir, kuma tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce da shi ya fi kyau a fara wa kowa. Magani ne mai kyau. Amma tenofobir ta ƙoda yake fita, diklofenak da ibuprofen kuwa suna rage jinin da yake zuwa ƙoda. Ka haɗa su kullum, a watan Afrilu ko Mayu da zafi yake wuce 40, a garin da kowa ya san yadda ruwa yake wuya, ga azumi wataƙila, ka ga ƙoda ta shiga uku. Ba na cewa haramun ne a sha su. Likita yana rubuta su na kwana biyar ko bakwai bayan ya ga awon ƙodarka, a sha bayan cin abinci, a sha ruwa sosai. Abin da nake hanawa shi ne na dala ashirin kullum safe da yamma har shekara ta zagayo.

A wasu mutane kaɗan tenofobir da kansa yana sa ƙoda ta riƙa zubar da sinadarin da yake ƙarfafa ƙashi a cikin fitsari. Sai mutum ya ji haƙarƙari da ƙugu da ƙafafu suna ciwo can cikin ƙashi, yana tafiya yana rangaji, ga kasala, ga yawan fitsari. Awon jini da na fitsari suna nuna shi, kuma akwai maganin da ake canzawa. Ka tambayi mai ba ka magani yaushe rabon da a auna maka ƙoda. Haƙƙinka ne, ba rashin kunya ba ne.

In ciwo ya matsa kafin ka ga likita, parasitamol ya fi aminci: ƙwaya biyu masu 500, a bar awa shida tsakani, kada a wuce sau uku a rana. Mai ciwon hanta ko wanda ya rame sosai ya tambaya tukuna. Tramol kuwa ka bar shi inda ka gan shi.

"Tunda na fara maganinku gwiwata ta kumbura"

Wannan maganar na sha jinta, kuma mai faɗinta sau da yawa gaskiya yake faɗa. A makonni ko watannin farko na magani, garkuwar jiki tana farfaɗowa ta tarar da cututtukan da suka ɓuya lokacin da take kwance, ta far musu, sai kumburi ya tashi a gaɓa ko a kaluluwa. An fi ganin haka ga wanda ya fara magani awon CD4 nasa, wato awon ƙarfin garkuwar jiki, yana ƙasa sosai. Abin yi shi ne ka dawo a bincika me garkuwar ta tarar, musamman tarin fuka, kana ci gaba da shan ƙwayarka. Wanda ya ajiye ta ya buɗe wa ƙwayar cutar hanya ta hayayyafa ta kuma koyi jure maganin. Akwai kuma haɗari na biyu da mutane ba su sani ba: ciwon hanta nau'in B yana da yawa a ƙasar nan, tenofobir da lamibudin su suke danne shi, in aka yanke su hanta tana iya tashi da ƙarfi.

Mai shan maganin tarin fuka tare da na sida ya san cewa a wata biyun farko akwai pirazinamid a ciki, kuma shi yana sa kafaɗu da gwiwoyi ciwo, wani lokaci babban yatsan ƙafa ya kumbura ya yi zafi har zane ba ya son ya taɓa shi. Yakan wuce in an shiga kashi na biyu na maganin. Ka faɗa, kada ka bari. Ka kuma tabbata an ƙara maka ƙwayar dolutegrabir ta biyu a rana, domin rifampisin da yake cikin maganin tarin fuka yana rage ƙarfinsa. Tafin ƙafa mai raɗaɗi ko mai jin kamar ana tsira allura kuwa ba gaɓa ba ce, jijiya ce, izoniyazid na cikin maganin tarin fuka yana kawo shi, sida ma tana kawowa, kuma ana ba da bitamin B6 saboda shi.

Akwai wani iri da nake son a riƙe alamominsa, don da damina yake yawa. Mutum ya yi zawo, ko ya yi zafin fitsari da fitar ruwa ta gaba, ya warke ya manta. Bayan mako ɗaya zuwa huɗu sai gwiwa ko idon sawu ya kumbura, diddige ya hana shi taka ƙasa da safe, ido ya yi ja. Ba mugunya a gaɓar, garkuwar jiki ce ta rikice. A da likitoci suna ganin wannan ciwo bai cika kama baƙar fata ba, sai da sida ta yaɗu a shekarun 1990 aka ga ya cika asibitin Lusaka a Zambiya. In ta hanyar saduwa aka samo asalin, da miji da mata duka za a yi wa magani. In idon yana ciwo ko gani ya dushe, likitan ido a makon nan. Ɗan'uwan wannan ciwo shi ne mai zuwa da fata: ɓawo fari-fari mai kauri a gwiwar hannu da gwiwa da fatar kai, farce yana ɓurmawa, yatsa ɗaya ya kumbura tun daga tushe har ƙarshe. Yana tsananta in ƙwayar cutar ta yi yawa a jini, yana lafawa in magani ya danne ta, shi ya sa awon yawan ƙwayar cuta shi ne farkon abin da za a duba.

Wanda yake kasa tashi daga tabarma sai ya dafa bango, ko mace ta kasa ɗaga taɓarya, alhali gaɓoɓin ba su kumbura ba, tsokarsa ce ta raunana. Masu shan zidobudin, wato AZT, su suka fi samun haka. Gefen kunnuwa biyu su kumbura, baki da ido su bushe, shi ma a nuna mana.

Yadda za ka faɗa ba tare da kowa ya ji ba

Duk abin da na lissafa bai da amfani in likitan da yake duba gaɓarka bai san me kake sha ba. Ga dalili. In ciwon ya daɗe, akwai magunguna masu ƙarfi da ake bayarwa, irin su salfasalazin da metotireksat. Na biyun in ya haɗu da Bactrim, wanda da yawa cikinku kuke sha kullum don kariya, yana iya kashe ɓargon da yake yin jini. Masu maganin sida na layi na biyu, wanda ake komawa in na farko ya gaza, mai ritonabir a ciki kuwa, in aka yi musu allurar Kenacort a gaɓa, maganin yana taruwa a jiki ya yi watanni yana ɓarna irin ta deksa. Kolshisin ma, wani maganin kumburin gaɓa, bai jituwa da ritonabir. Likitan da bai sani ba zai rubuta da kyakkyawar niyya.

Na san ɗakunan asibitinmu, ƙofa a buɗe, ɗan rakiya a tsaye a kanka, wata tana leƙe tana jiran layi. Ba sai ka furta sunan cutar ba. Ka ce, "Likita, ina da magana da kai ni kaɗai." In hakan bai yiwu ba, ka miƙa masa kwalbar a cikin leda, ko ka roƙi mai ba ka magani ya rubuta maka sunansa a ƴar takarda ka sa a cikin katinka. Kowane likita da kowane majo ya ga TLD ya gane, kuma aikinsa ya wajabta masa riƙe sirri. Ledar kuma ta haɗa da komai: na tire, na farmasi, garin magani, har jiƙon da inna ta aiko daga ƙauye. Ba za mu yi faɗa ba, ni dai ba na yi.

Zama da ciwon a gida

A shekara biyun farko na shan magani ƙashi yana rage ƙarfi da kashi 2 zuwa 6 cikin 100, daga nan ya tsaya. Ga matashi wannan ba komai ba ne. Ga macen da ta daina al'ada ko namijin da ya wuce 50, abin lura ne, kuma in ɗan tuntuɓe ya karya maka hannu ko ƙugu, kada maganar ta ƙare a wurin maɗori, a gaya wa asibiti. Abincin ƙashi yana nan a gabanmu: nono da kindirmo, cuku, zogale, miyar kuka, riɗi, ƙananan busassun kifi da ake ci da ƙayarsu. Matan da ba sa fita su riƙa zama a tsakar gida da hantsi rana ta taɓa hannu da ƙafa. Taba da giya suna cin ƙashi.

Fura da nono ba sa hana TLD aiki. Ƙwayar kalsiyam, da ta ƙarin jini da ake ba masu ciki, da farin ruwan maganin ƙwannafi su ne suke kama dolutegrabir a ciki su hana shi shiga jini. Ka sha TLD awa 2 kafin su, ko awa 6 bayansu. Mafi sauƙi, su da safe, TLD da dare.

Da hunturu gaɓoɓi suna ƙara sandarewa, sai a ɗumama ruwan alwala, a jiƙa tsumma a ruwan ɗumi a naɗe gaɓar minti goma kafin a fara motsa ta. Gaɓar da take da zafi da ja ba a gasa ta. Kwanciya wuni guda tana ƙara ciwo, tafiya kaɗan bayan la'asar ta fi, gwargwadon abin da ƙafa ta yarda. Mai ciwon gwiwa ko ƙugu ya sa kafinta ya huda masa tsohuwar kujera a ɗora a kan masai, tsugunno yana wahalar da gaɓar fiye da tafiya. Salla a zaune kuma malamai sun yarda da ita ga wanda tsayuwa ko sujada take cutarwa, dattawa ne dai suke jin nauyin a gan su a kan kujera a masallaci. In an ba ka magani ka yi mako biyu ba sauƙi, ko wata gaɓar ta ƙaru, ko zazzaɓi ya shigo, kada ka jira ranar da aka rubuta a katinka, ka zo ranar da ka ga haka.